Shanun Makarantar Tillery

Ranar Litinin aka wayi gari babu ko saniya ɗaya a makiyayar makarantar Tillery. Ni na fara gani, don ni ke tuƙa bas ɗin yara, kuma hanyata ta bi gefen shingen wayar. Kullum in na sha kwanar nan sukan ɗago kai su bi bas da kallo suna tuƙa. Ran nan sai ciyawa da kwamin ruwa, ƙofa kuma a rufe ruf kamar ba abin da ya faru.

Shanun na makaranta ne. Tun zamanin iyayenmu, duk makiyayin da ɗansa ya gama karatu yakan ba da karsana guda, a yi mata lalas da shaidar makaranta, ɗalibai su yi kiwo, abin da aka samu a maruƙa ya shiga abincin rana da man bas. A bana kuwa su kaɗai suka rage tsakaninmu da rufe makarantar. Yara sun ragu a wannan yanki namu na tuddan yashin Nebraska, jiha ta rage abin da take bayarwa, kasafi ya yi giɓi. Kwamitin makarantu ya sa ranar Alhamis don jefa ƙuri'a a kan a rufe Tillery, a riƙa kwasar yaranmu zuwa hedikwatar gunduma, su fita da duhu su dawo da duhu. Sabuwar shugabar makarantu, Dakta Quintana, ta samo wanda zai sayi rabin garken, ta ce hakan zai toshe ramin har a yi numfashi. Ana cikin haka garken ya yi ɓatan dabo.

Kafin rana ta take, an riga an gama shari'a a shagon kofin Bev. Wai baƙuwar nan ce, Dakta Quintana. Daga El Paso ta zo, ba ta san gaban saniya da bayanta ba, kuma an ga wata tirela a ƙofar makiyayar ranar Asabar. Masu ɗan sauran tausayi suka ce a'a, Renae Sudbeck ce, malamar noma, wadda aka riga aka gaya mata aikinta zai tafi a ragin ma'aikata. Dwight Haskell, ciyaman ɗin kwamiti, yana zaune a teburinsa na kusa da taga yana juya cokali a kofi. Bai zargi kowa ba. Ya dai girgiza kai ya ce abin takaici ne, amma makarantar da ba ta iya tsare shanunta, yaya za a amince mata da yara.

Na tsani mutumin nan, kuma ba na ɓoyewa. Cikin 'yan shekarun nan shugabannin makarantu uku ya kora, Dakta Quintana ce ta huɗu a layi. Na farkonsu mijina ne, Emmett Kucera. A zauren wasanni, gaban iyaye da ɗalibai, Dwight ya miƙe ya ce sakacin Emmett ne ya ramar da asusun makaranta. Emmett bai iya faɗa ba, ya tattara 'yan kayansa a kwali ya dawo gida. Bai ƙara shiga coci ba don kunya, kuma shanyewar jiki ta ɗauke shi kafin shekara ta zagayo. Wanda ya gaje shi ma an ce shi ne matsalar, haka na bayansa. Giɓin yana nan, Dwight yana nan, shugabanni ne kawai ke canzawa.

Ina ajiye bas na zarce gidan yayana.

*

Lyle Novotny ya yi rayuwarsa yana duba lalas ɗin shanu a kasuwanni da bin sawun waɗanda aka sace, kafin gwiwa ta sa shi ritaya. Mutum ne mai tsadar magana, irin wanda sai ka tambaye shi sau biyu kafin ya ce maka ana ruwa. Na same shi yana gyaran sirdi, na zazzage masa komai har da sunan wanda nake so a kama.

"Ke kin riga kin sami ɓarawonki, Darlene. Ni me zan yi miki?"

"Ka nemo min shaida."

"Shanu zan nemo. In sun kai ni ƙofar Dwight, to. In sun kai ni ƙofarki, ke ma zan faɗa."

Sherif Tibbets, shugaban 'yan sandan gunduma, ya yi murna da zuwansa, don shi da yaronsa ɗaya ke riƙe da ƙasar da sai ka wuni kana tuƙi ba ka fita daga ita ba. Muka haɗu a babbar ƙofar makiyayar. Ga sawun tirelar kuwa ɓaro-ɓaro a yashi, ta shigo da baya ta juya. Sherif ya riga ya kewaye wurin da igiya yana ta ɗaukar hoto. Lyle ya tsuguna da ƙyar, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce a kwance igiyar. Tayoyin sun nutse daidai wa daida a shiga da fita, ba a ɗora mata ko akuya ba a nan. Kuma inda aka loda garke guda, in ji shi, ƙasa kan dagule, a ga kashi da fitsari da sawun mutane suna zirga-zirga. Nan ko kaho ba a goga a jikin ginshiƙi ba.

Dakta Quintana ta karɓe mu a ofishinta. Tun ranar da ta zo ba ta gama kwance kwalayenta ba, kuma ban ga laifinta ba, kowa ya gaya mata kujerar nan ba ta ɗumi. Ta ce tirelar ta mijin ƙanwarta ce, ya kawo mata gado da firiji, ya wuce kwanar gidanta, ya je ya juya a can. Idonta ya yi ja amma muryarta ba ta rawa.

"Mista Novotny, da safen nan wata uwa ta janye ɗanta daga gabana a baranda. Ni da na bar gari na zo nan don na ga makarantar da za a iya ceta. In ba a ga shanun nan ba kafin Alhamis, ba ni da abin da zan ajiye a gaban kwamiti."

Lyle ya tambaye ta wa ya san ranar da mai sayen zai zo. Ta ce 'yan kwamiti biyar ɗin, da Renae.

*

Renae Sudbeck tana rumbun ciyawa tana wanke bokitai da ƙarfin da ya fi na wanki. Ta ji abin da ake faɗa a kanta, kuma ta ce duk wanda ya isa ya zo ya maimaita a gabanta. Lyle ya bar ta ta huce, sannan ya tambaye ta yadda take ciyar da su. Ta yi dariyar da ba ta daɗi ba. Motar ciyarwar makaranta ai ita aka fara sayarwa a ragin shekarun baya, zamanin shugaba na biyu. Tun daga nan ita da ɗalibai ke ɗaukar dunƙulen gurya a bokiti su shiga da ƙafa, su buga gindin bokiti, shanu su taho. Yawancin garken ma haihuwar makiyayar ne, ba su san wata hanya ba.

Sai ta tsaya da wankin, ta ce akwai abin da ya dame ta tun watan jiya. Shanun sun daina rububin bokiti. Sukan zo a hankali kamar waɗanda suka riga suka karya, kuma da safe sai ta tarar da su can ƙuryar arewa, inda ba ruwa ba inuwa. Ta ɗauka sabuwar ciyawa ce ta fara tsirowa a can.

Lyle ya sa hularsa ya kama hanya. Na san wannan tafiyar tasa tun muna yara.

Ƙuryar arewa tana bayan wani tudu, ba a hango ta daga titi. A can akwai ƙaramar ƙofar waya da ke fita zuwa filin kiwo na gwamnati, kuma ita ma a rufe take, an maƙala madaukinta yadda ya kamata. Amma ƙasar gefen shingen ta zama fili, an tattake ta tas. Lyle ya nuna min kashi sabo a kan busasshe, busasshe a kan wanda ya riga ya zama gari. Ya tona yashi da yatsa ya ɗauko ɓarɓashin dunƙulen gurya, ya shinshina, ya sa a aljihu. Makonni aka yi ana zuwa ana zuba musu abinci ta kan waya, in ji shi, kuma da mota ake zuwa ta wajen shingen.

Na ce ya duba tayar mu san motar wa ce. Ya ce in daina mafarki, duk a-kori-kurar da ke gundumar nan a shago ɗaya ake sa mata taya.

Da sassafe ranar Talata muka ɗora dawakai biyu muka bi bayansu. Iskar Lahadi ta share yawancin sawun, amma Lyle ba yashi kawai yake karantawa ba. Yakan tsaya a kan ciyawar da ta kwanta gefe ɗaya, ko gashi a jikin ƙaya, ko inda maraƙi ya ratse uwarsa ta dawo da shi. Ni dai duwawuna ne ke ciwo, ina ta tsine wa Dwight a zuci don in sami ƙarfin ci gaba. A wani kwari inda damshi ya riƙe ƙasa, Lyle ya sauka ya kira ni.

"Me kika gani?"

"Sawun shanu. Da taya."

"Wanne ke sama?"

Na duba. Kofato ne a kan taya, ko'ina.

"Ba doki, ba kare, ba mai ƙafa a bayansu," in ji shi. "Ba wadda ta yi gudu, ba wadda ta juya. Ba kora su aka yi ba, Darlene. Mota ce a gaba, su kuma suka bi ta da son ransu."

Rana ta karkata muka hau wani tudu, sai ga su a ƙasa, cif, suna kiwo kusa da famfon iska, maruƙa na tsalle. Na yi ihun murna, sai kuma murnar ta koma ciki, don na gane wurin. Makiyayar bazara ce ta Merle Sudbeck, mahaifin Renae, wadda ba a shigarta sai ciyawa ta kai. Wanda ya kawo su nan ya san ba mai leƙowa sai an daɗe da gama ƙuri'a, kuma ya san a kan wa laifin zai faɗa in an gan su.

*

Na ce mu kora su gida mu ba kowa kunya. Lyle ya ce in muka yi haka makaranta za ta sami shanunta, Renae kuma ta sami sunan ɓarauniya har ta mutu, kuma Dwight zai ce ga shi nan, ma'aikatan makarantar ne ke cin ta. Ƙuri'a uku yake da su cikin biyar, ba abin da zai sauya.

Washegari muka biya gidan Dwight. Gonarsa ta yi iyaka da makiyayar makaranta ta gabas, kuma kowa ya san idonsa na kan rijiyar da ke cikinta, wadda ba ta taɓa ƙafewa ba ko a shekarun fari. In an rufe makaranta, filin gwanjo za a yi. Ya fito da fara'a, ya kama hannun Lyle da hannu biyu, ni kuma ya tambaye ni ƙafata kamar ya damu da ita.

Lyle ya gaya masa an ga shanun, sun bazu a tuddan Sudbeck, ana so duk mai motar ciyarwa ya kawo ta ranar Alhamis da safe a tattaro su, 'yan kwamiti kuma su zo su gani da idonsu kafin zama. Na zuba wa fuskar Dwight ido. Ko gezau.

"Sudbeck? Kai, Allah ya sawwaƙe. Yarinyar nan a gabana ta girma." Ya sosa ƙeya. "Zan zo, ai dole. Sai dai motar ciyarwata ta lalace, tana jiran makaniki. Ko da ma lafiyarta ƙalau, me za ta yi muku? Ni rabona da shanun makaranta tun bara wajen lalas. Ba su san ni ba, ban san su ba."

"Ka tabbata?" in ji Lyle.

"Kamar yadda na san sunana."

A hanya Lyle ya yi tsaki, abin da bai cika yi ba. A nan ƙasar kowane makiyayi yana da jiniya ko ƙaho a motar ciyarwarsa, ya kunna a bakin makiyaya shanunsa su taho daga bayan tuddai, kuma kowane garke ya san muryar motar gidansu. Wanda ya yi makonni yana zuba wa shanun makaranta abinci a ɓoye, muryar motarsa yake koya musu. Amma motar Dwight tana kulle a rumbu, Sherif kuma ba zai sami izinin buɗe rumbun mutum irin Dwight a kan ɓarɓashin gurya ba.

Na ce ya bar min wannan.

Ranar Alhamis, ina ganin farar motar Dwight ta shiga gari ta wuce, na tsaya a gefen titi na kira matarsa. Joyce Haskell ba muguwa ba ce, ta dai saba rashin tambaya. Ita ce ta zauna a layin gaba da sabuwar jaka a cinya ranar da aka tozarta Emmett, kuma da muka haɗu a shago bayan jana'iza sai ta shiga duba gwangwanaye. Na sa muryar da nake yi wa 'yan aji ɗaya. Na ce ana ƙarancin motoci, kowa ya kawo tasa, abin kunya ne a ce gidan ciyaman ne kawai bai kawo ba. Ta ce Dwight ya ce ta lalace. Na ce ta gwada murza makulli, wani lokaci sanyi ne kawai. Ina kan layi na ji injin ya tashi da bugu ɗaya.

*

Mun taru a ƙofar makiyayar Sudbeck da hantsi. Ga 'yan kwamiti biyar, ga Sherif, ga Dakta Quintana a cikin takalmin da bai dace da yashi ba, ga Renae ta harɗe hannu kusa da mahaifinta, wanda fuskarsa ta yi ja kamar gauta. Rabin teburan shagon Bev ma sun biyo don kada a ba su labari. Shanun suna can nesa a gindin tudu, ƙanana a ido.

Dwight bai jira an ba shi dama ba. Ya ce ba ya son a wulaƙanta kowa, amma ga shanu, ga kuma ƙasar da aka same su. Merle Sudbeck ya yi kansa, sai da mutum biyu suka riƙe shi.

Lyle ya jingina da ƙofa ya faɗi abin da ya gani, a taƙaice: ƙasar da aka tattake a ƙuryar arewa, da kofato a kan taya. Ya ce shanun da aka saba ciyarwa da bokiti ba su da dalilin bin mota, sai in an koya musu. Don haka kafin a shiga, kowa ya kunna tasa a ji.

Merle ya fara, da fushi, ya danne ƙahonsa har kunnuwanmu suka gaji. Wata saniya ta ɗago kai, ta mayar. Wani ɗan kwamiti ya kunna tasa jiniyar, wani maƙwabci ya bi. Har ƙaramar motar Dakta Quintana aka sa ta yi ƙara, mutane suka yi dariya. Garken bai motsa ba.

"To, mun sha kiɗa," in ji Dwight. "Akwai zama a gabanmu."

Sai ga ƙura ta taso a hanya. Shuɗiyar a-kori-kurar Dwight ce, da akwatin abinci a baya, Joyce na leƙe ta saman sitiyari. Ban taɓa ganin jini ya bar fuskar mutum da sauri haka ba. Ya nufi motar yana ɗaga hannu, amma ƙafata da ya tambaya jiya ta riga tasa isa. Na dafa tagar na yi mata murmushi.

"Sannu da ƙoƙari, Joyce. Kowa ya kunna tasa, saura ke. Danna mana mu ji."

"Joyce, kar ki taɓa!"

Ta riga ta taɓa. Tsohuwar jiniyar motar kashe gobara ce da ya saya a gwanjo, takan fara can ƙasa ta yi ta hawa. Kafin ta kai ƙarshe, duk kawunan da ke gindin tudu sun tashi. Wata jar saniya ta yi kuka, sauran suka amsa, sai garken gaba ɗaya ya kwararo, iyaye a gaba maruƙa a baya. Lyle ya buɗe ƙofa ya koma gefe. Suka wuce motar Merle, suka wuce Renae da ta yi shekaru tana ɗaukar musu bokiti, suka kewaye shuɗiyar motar suna tura hanci a bakin akwatin, suna lasar ƙarfe. Dwight yana tsakiyarsu, sun matse shi da ƙofar motarsa, jar saniyar na shinshinar aljihunsa.

A wurin nan babu wanda yake buƙatar a fassara masa abin da ya gani, har Dakta Quintana.

"Ka ce ba su san ka ba, Dwight," in ji Lyle.

Ya fara cewa jiniya ai jiniya ce, sannan ya ce tausayinsu ya ji ganin ba sa ƙoshi, sannan ya ce ajiye su kawai ya yi, ba sayarwa zai yi ba, ko ɗaya ba ta ɓata ba. Kowace magana ta fi ta bayanta muni. Joyce ta kashe jiniyar ta zauna tana kallon hannuwanta. Na matsa har inda zai ji ni ba tare da na ɗaga murya ba.

"Wannan karon wa za ka kora?"

Sherif Tibbets ya ratsa shanun ya kama shi a gwiwar hannu, a hankali, kamar mai taimakon tsoho ya tsallaka titi.

*

Da yamma kwamiti ya zauna da mutum huɗu. Biyun da suka saba ɗaga hannu duk lokacin da Dwight ya ɗaga, ran nan ba su san inda za su sa idonsu ba, kuma ba wanda ya nemi a rufe Tillery. Mai sayen ya zo ya kwashi rabin garken. Aikin Renae ya tsira. Dakta Quintana ta tsaya har ta ga komai ya zauna, sannan ta gaya mana za ta tafi ƙarshen zango. Bev ta kai mata kek har ofis tana ba da haƙuri a madadin gari. Ta karɓa ta yi godiya, ta ce ba ta manta yadda aka dube ta ranar Litinin ba, kuma ba ta jin za ta manta. Yanzu muna neman na biyar.

Lauyan Dwight ya iya aikinsa. Tunda ba a sayar da ko ɗaya ba, aka ƙare da tara da ɗaurin talala, ya sauka daga kwamiti. Na yi kwanaki ina cin abinci ba na jin ɗanɗanonsa. Lyle ya ce in yi haƙuri in jira watan Mayu, kotu ba ita kaɗai ke yanke hukunci a ƙasar nan ba.

A watan Mayu ake lalas ɗin maruƙa, kuma ba gidan da ke iya yin nasa shi kaɗai. Maƙwabta ke zuwa da dawakai da igiyoyi, wasu su kama, wasu su danne, mata su yi girki, yau a gidanka gobe a gidan wani. Na Haskell ya fi kowanne girma. Duk shekara ranar nan bas ɗina kusan wayam yake tafiya, don iyaye kan ɗauke yaransu su je danne maruƙa, malamai ma sun daina rubuta kowa a rashin zuwa.

Dwight ya sa nasa ranar Juma'a, ya kira kowa kamar yadda ya saba, kowa kuma ya ce masa to. Da na fito da safe, a kowace tasha sai na tarar da yara tsaye da jakunkunansu, har manyan samarin da ba su taɓa barin lalas ya wuce su ba. Iyayensu na bakin ƙofa da kofin kofi, ba wanda ya ɗaura wa doki sirdi. Kafin in kai gabas babu kujera ɗaya da ba kowa.

Hanyata ta bi gaban gidansa. An buɗe babbar ƙofa har bango don motocin baƙi. An ware maruƙa a cikin shinge suna ta kukan iyayensu, wuta na ci, ƙarafan lalas sun yi ja. A ƙarƙashin bishiyoyi Joyce ta jera dogayen tebura ta rufe tukwane da farin ƙyalle. Ita ta ba ni tausayi, kaɗan. Dwight na tsaye gefen wutar da igiya a hannu, da ya ji ƙarar inji sai ya juyo da sauri ya dubi hanya, ya ɗauka wani ne ya zo.

Ba ni da tasha a wurin. Na taka birki, na kunna jajayen fitilu, na buɗe ƙofar bas. Yaran duk suka taru a tagogin gefensa. Ya dube su ɗaya bayan ɗaya, 'ya'yan mutanen da yake jira, sannan ya dube ni. Na bar shi ya duba har ya gaji ya sunkuyar da kai.

Sannan na rufe ƙofa na ja, don kada in makarar da su aji.